Baba ya ce abinci ya daina yi masa ɗanɗano: a harshe matsalar take ko a wani wuri?

Ɗan Autan Baba ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da wata damuwa da nake roƙon masu sani su haska mini ita, domin ta fara taɓa zaman gidana gaba ɗaya. Mahaifinmu ya haura shekara 70, kuma tun bayan rasuwar mahaifiyarmu a wurina yake zaune, maiɗakina ce take yi masa girki. A hunturun da ya wuce ya yi wata mura mai tsanani wadda ta kwantar da shi kusan mako biyu, kuma bayan ya miƙe, tari da majina sun tafi, sai ya shiga cewa abinci ya daina yi masa ɗanɗano. Miyar kuka da ta ji daddawa da busasshen kifi, wadda a da yake suɗe kwano a kanta har ya yi santi, yanzu loma biyu yake kaiwa ya ture, ya ce lami ce, kamar an dama gari da ruwa. Mu kuwa da muke ci daga tukunya ɗaya da shi ba mu ji abin da ya ragu ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ya koma ajiye gishiri a wani ɗan ƙoƙo a gefen tabarmarsa, yana barbaɗawa a kan duk abin da aka kawo masa, alhali yana da hawan jini kuma likita ya daɗe da ja masa kunne a kan gishiri. Maiɗakina kuma ta ɗauka hannunta ne ya lalace. Ranar nan na iske ta a madafa ta ɗanɗana miya har sau huɗu, tana tsaye da ludayi a hannu tana share hawaye. Baba bai taɓa faɗa mata magana marar daɗi ba, amma kwanon da yake komowa kamar yadda aka kai shi ya fi kowace magana yi mata ciwo.

Na sa ya buɗe baki na duba harshensa da fitilar waya, ban ga ƙurji ko wani fari-fari ba. Shin a harshe kaɗai ɗanɗano yake, ko akwai wani wuri da yake da hannu a ciki? Me ya sa mutum biyu za su ci daga tukunya ɗaya, wannan ya yaba, wancan ya ce babu komai a ciki? Sannan a makarantar sakandare an zana mana harshe an ce bakinsa ne yake jin zaƙi, gefensa tsami da gishiri, can ciki kuma ɗaci, to ko wani sashe ne ya mutu a nasa? Ni dai na ɗiga ruwan sukari a gefen harshena, kuma na ji zaƙi sarai, shi ya sa zanen ma ya fara ba ni shakka.

Malamin Kimiyya ya amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba Baba lafiya, ya kuma saka wa maiɗakinka da alheri bisa ɗawainiyar da take yi. Zan fara da tambayarka ta ƙarshe domin amsarta ta fi gajarta. Wannan zane ba daidai ba ne, kuma ni kaina na koyar da shi shekaru kafin in gane haka. Tushensa wani bincike ne da wani Bajamushe mai suna David Hänig ya wallafa a 1901, inda ya ga ɗan bambanci ƙalilan wajen saurin jin kowane ɗanɗano a sassan harshe. A 1942 wani malamin Jami'ar Harvard da ke Amurka, Edwin Boring, ya sake zana alƙaluman ta hanyar da ta sa ɗan bambancin ya yi kamar babba, daga nan masu rubuta littattafan makaranta suka raba harshe gida-gida kamar gonar gado. Duk sashen harshen da yake jin ɗanɗano yana jin dukkan ire-irensa, har ma can cikin ganɗa da maƙogwaro akwai masu ji, kuma gwajin da ka yi da sukari ya isa hujja.

A cikin 'yan tudun nan da kake gani a kan harshe akwai wasu ƙananan gidaje da ido ba ya iya gani, dubbai ne, kowanne yana ɗauke da ƙwayoyin halitta 50 zuwa 100. Abin da masana suka haɗu a kai shi ne waɗannan ƙwayoyi abu biyar suke rarrabewa: zaƙi, gishiri, tsami, ɗaci, da wani na biyar da Japanawa suka raɗa wa suna umami, wato ɗanɗanon romon nama da daddawa. Ƙwayoyin suna mutuwa suna sabuntuwa cikin kwana goma zuwa mako biyu, shi ya sa wanda kunu mai zafi ya ƙona wa harshe yake warwarewa ba tare da ya sha magani ba. Sannan jijiyoyi uku ne a kowane ɓangare suke kai saƙon ɗanɗano ƙwaƙwalwa, ɗaya daga cikinsu ma ta cikin kunne take ratsawa, saboda haka da wuya ƙwarai a ce dukkansu sun mutu lokaci ɗaya.

Inda nake zargi shi ne hanci. Abin da muke kira ɗanɗanon miyar kuka, mafi yawansa ƙamshi ne. Akwai hanya daga bayan baki zuwa kogon hanci, kuma lokacin da mutum yake tauna yana haɗiya, tururin abincin yana bi ta nan ya hau sama ya iske wani ɗan fili a can ƙololuwar hanci inda jijiyoyin sansana suke. Harshe abu biyar ya sani, amma hancin ɗan Adam yana da masu karɓar ƙamshi kusan iri 400, waɗanda idan suka haɗu suke rarrabe ƙamshi iri-iri da ba sa ƙirguwa. Wasu Amurkawa biyu, Linda Buck da Richard Axel, su ne suka gano waɗannan masu karɓa a 1991, aka kuma ba su lambar yabo ta Nobel a 2004. Ƙwaƙwalwa tana haɗa saƙon hanci da na harshe ta mayar da su abu ɗaya, sai mutum ya rantse a bakinsa yake jin komai. Idan ƙwayar cutar mura ta taɓa wancan fili, ƙamshin kuka da daddawa da kifi sai ya ɓace, ya rage daga gishiri sai yauƙi. Wannan ne abin da ya faru da ɗimbin mutane a lokacin annobar korona a 2020, waɗanda da yawansu suka riƙa cewa ɗanɗano ne ya ɗauke musu, da aka gwada sai aka ga hancin ne ya fi shan wahala. Kuma ka lura da hikimar ƙoƙon gishirin nan: Baba yana ƙara abin da ya rage masa ne, domin gishiri yana cikin 'yan abubuwan da har yanzu suke isa gare shi.

Ga gwajin da za ka yi a gida. Ka haɗa ruwan sukari, da ruwan gishiri, da jiƙon tsamiya, da ruwan shuwaka a kofi huɗu, ka sa ya rufe ido, ka riƙa ba shi a cokali yana kurkure baki tsakani, ka ji ko zai faɗi kowanne. Bayan haka ka kawo kanumfari da daddawa da turarensa da ya saba shafawa, ka kai su kusa da hancinsa ɗaya bayan ɗaya, idonsa a rufe. Idan ya gane na kofuna amma ya kasa gane na hanci, to ka san inda matsalar take.

Uwar Biyu ta amsa:

Malam, Allah ya ƙara sani. Batun hanci gaskiya ne, domin duk macen da ta taɓa yin girki tana fama da mura ta san cewa ranar sai ta kira yaro ya ɗanɗana mata miya. Amma inda ka ce ɗanɗano biyar ne, nan kam ina da ja. Na fi shekara 30 ina dafa abincin biki da suna, kuma kalmomin da muke amfani da su a bakin murhu sun wuce biyar nesa ba kusa ba. Ina za ka saka baurin goro, ko na ɗanyar kanya da yake ɗaure wa yaro baki har ya kasa fito? Ina za ka saka gardin soyayyar gyaɗa da na ƙanzo, da gafin waken da bai ji wuta ba, da zartsin ruwan wata rijiya, da maƙaƙin man da ya daɗe a ajiye? Uwa uba yaji, wanda Bahaushe ba ya ganin an yi tsire ko ɗanwake idan babu shi. Idan masu bincike sun ce waɗannan ba ɗanɗano ba ne, to sai su faɗa mana sunan abin da bakinmu yake ji.

Shi kuwa wannan umami da ka ambata, idan shi ne abin da daddawa take yi wa miya, kakanninmu sun san shi tun kafin a san da Japan a ƙasar nan. Na tashi na ga kakata tana dafa kalwa yini guda, ta surfe ta, ta wanke, ta sake dafawa, ta zuba a ƙwarya ta rufe da ganye da tsumma kwana biyu zuwa uku, har sai warin ya cika tsakar gida muna toshe hanci muna gudu, sannan ta daka ta mulmula ta shanya. Wannan abu mai wari shi ne yake mayar da ruwa da kuka su zama miyar da ake lasar yatsa. Ni ina ganin abin da muke kira gardi shi ne umamin nasu, amma ina jiran masu ilimi su gyara mini.

Ɗana mai tambaya, ka bar faɗa da Baba a kan ƙoƙon gishiri, domin tsoho idan aka ƙwace masa abu sai ya nemi wani ya ɓoye. A sauya masa girkin ta yadda ba zai nemi gishirin ba. A ba shi abin da yake da tsami, kamar miyar yakuwa da kunun tsamiya, a matsa masa lemun tsami a kan kifi ko faten wake, a sa masa citta da masoro da ɗan barkono gwargwadon abin da cikinsa zai ɗauka. A kuma daina ba shi abu mai laushi kullum, domin tuwo da miyar yauƙi ga wanda ba ya jin ƙamshi kamar haɗiyar koko ne marar sukari. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ko dambu, ko wani abu da haƙori zai ji aiki a kansa, ya fi sa mutum ya san yana cin abinci. A kai masa da zafinsa yana tururi, kada a bari ya huce. Idan tsamin yakuwar ya yi masa yawa sai a ɗiga ɗan ruwan kanwa, tun da dai kanwa ita ce take kar tsami.

Sannan ka zaunar da maiɗakinka ka karanta mata amsar Malam daga farko har ƙarshe. Macen da suruki ya dawo mata da kwano ba ta barci da daɗi, ko da ba ta faɗa maka ba.

Mai Haɗa Magunguna ya amsa:

Hajiya, Allah ya ƙara girma. Abin da bakinki yake ji gaskiya ne, saɓanin kawai a wajen hanyar da saƙon yake bi ne. Yaji ba ya bi ta gidajen ɗanɗanon da Malam ya bayyana. A cikin barkono akwai wani sinadari da ake kira kafsaisin, wanda yake kama wata ƙofa a jikin jijiyoyin jin zafi, ƙofar da a ka'ida take buɗewa idan abu ya haura zafin digiri 43 a ma'aunin Salshiyos. Wato barkono yaudarar jijiya yake yi, ta aika wa ƙwaƙwalwa cewa baki yana ƙonewa, shi ya sa gumi yake karyowa, shi ya sa kuma ido da fata suke jin yaji alhali ba su san zaƙi ko tsami ba. Wani masanin kimiyya a Amurka, David Julius, shi ne ya gano wannan ƙofa a 1997, kuma da wannan aiki ya samu lambar Nobel a 2021. Ita ƙofar tsuntsaye kafsaisin ba ya kama ta, don haka suke cin barkono hankali kwance. Bauri kuma wasu sinadarai ne da ke cikin goro da ganyen shayi da ɗanyun 'ya'yan itace, waɗanda suke ɗaure sinadaran da ke sa yawu santsi, sai baki ya ji ya bushe ya tattare. Duka biyun jijiyar da take ɗaukar taɓi da zafi daga fuska ce take kai su, kuma wannan jijiya ba ruwanta da abin da mura ta ɓata, saboda haka shawararki ta citta da masoro da abin taunawa ta hau daidai.

A kan gardi kuwa ban bi ki ba. Soyayyar gyaɗa da ƙanzo gardinsu daga ƙamshin da wuta ta haifar da kuma maiƙo yake zuwa, kuma wanda ya toshe hanci ya tauna gyaɗa zai ji mafi yawan gardin ya gudu. Umami kuwa yana nan ko an toshe hanci. Wani malamin kimiyya a Tokyo, Kikunae Ikeda, shi ne ya tace sinadarin a 1908 daga wata ciyawar teku da Japanawa suke romo da ita, ya ga gulutamet ne, kuma a 1909 aka fara sayar da shi, wanda shi ne farin magin da ke kasuwanninmu. Abin da kakarki take yi a ƙwarya shi ne ba wa wasu ƙwayoyin bakteriya dama su farfasa furotin ɗin kalwa, sai gulutamet ya fito fili. Akwai kuma wani sinadarin daban a jikin nama da busasshen kifi, wanda idan ya gamu da gulutamet ƙarfin ɗanɗanon yake ninkuwa sau da yawa. Matan da suka haɗa daddawa da busasshen kifi a tukunya ɗaya ba su yi haka a banza ba.

Inda zan roƙi a yi hattara shi ne kanwa. Abin da yake tayar da hawan jini a cikin gishiri shi ne sodiyam, kuma kanwa ma cike take da shi, don haka ga mai irin ciwon Baba gara a rage yakuwar ko a tafasa ta a zubar da ruwan farko. Haka dunƙulen magi, kusan rabinsa ko fiye gishiri ne, kuma mutane da yawa suna rage gishiri su ƙara dunƙule suna ganin sun bi umarnin likita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda yake cikin burodi da magi da komai. Harshe yana sabawa: wanda aka rage masa gishiri a hankali, cikin wata biyu zuwa uku abincin da yake ci a da sai ya riƙa yi masa gishiri da yawa.

Ɗan'uwa mai tambaya, ka tattara dukkan magungunan da Baba yake sha ka kai wa likitansa, domin wasu suna taɓa ɗanɗano. Kaftofiril, wanda ake bayarwa saboda hawan jini, an san shi da haka, kuma metronidazol da ake yawan sha saboda ciwon ciki yana bar wa mutum ɗanɗanon ƙarfe a baki. Wasu kuma busar da yawu suke yi, alhali sai abinci ya narke a yawu kafin harshe ya ji shi. Ciwon suga da ciwon dasashi da ƙarancin sinadarin zink duk suna iya sa hannu. Kada a dakatar da ko ƙwaya ɗaya ba da izinin likita ba, kuma a nemi ganin likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya leƙa cikin hancin, ko akwai tsiro ko kumburi da ya toshe hanya. Kafin nan kada a bar shi shi kaɗai da tukunyar gas ko garwashi a ɗaki, kuma kada a bar masa ɗumame ya yanke hukunci da hancinsa ko ya lalace.

Jikan Mai Goro, daga Kumasi, ya amsa:

Sallama ga kowa. Malamaina sun gama da batun Baba, ni ina son in taɓa tambayar tukunya ɗaya ce, domin ko da kowa lafiyarsa ƙalau, ba abu ɗaya muke ji ba. A 1931 wani masanin sinadarai a Amurka mai suna Arthur Fox yana zuba wata hoda a kwalba, sai ta tashi a iska, abokin aikinsa ya yi ƙorafin ɗaci, shi kuwa Fox da ya fi kusa da ita bai ji komai ba. Da aka bi diddigi sai aka ga abin gado ne: a cikin Turawa kusan mutum 3 cikin 10 ba sa jin ɗacin wannan hoda, a Afirka ta Yamma kuwa marasa jin ba su kai haka yawa ba. Masu karɓar ɗaci a harshenmu sun kai iri 25, alhali na zaƙi iri ɗaya ne, kuma dalilin a fili yake, tun da yawancin dafin tsirrai ɗaci gare shi. Yaron da ya tofar da gauta ba rashin kunya ya yi ba, jikinsa ne yake tsaronsa, kuma mai yiwuwa ɗacin da yake ji ya fi wanda uwarsa take ji.

Sauran kuma sabo ne. Kakana fataucin goro ya kawo shi nan, kuma na tuna ranar da ya fara ɓantaro mini ɗan ɓari ina yaro, na tauna na tofar ina yamutsa fuska, shi kuwa ya yi dariya ya miƙo mini moɗar ruwa ya ce in sha. Ruwan randa ne zalla, amma sai na ji shi da zaƙi kamar an jefa sukari. Harshen da ya jima cikin ɗaci, idan ruwa ya wanke shi, zaƙi-zaƙi yake ji, kuma ina ganin rabin son da tsofaffi suke yi wa goro saboda wannan kurɓin ruwan ne. Sabon ma tun daga ciki yake farawa, domin a wani bincike da wata masaniya a Amurka, Julie Mennella, ta wallafa a 2001, jariran da iyayensu suka riƙa shan ruwan karas lokacin goyon ciki ko shayarwa sun fi karɓar abinci mai karas da aka fara ba su.

A nan kudancin Gana akwai wani ɗan itace ja, bai fi ƙwayar gyaɗa girma sosai ba, Asantawa suna ce masa asaa, Yarabawa kuma agbayun. Shi kansa ba shi da wani zaƙi, amma idan ka tsotse shi ka juya a baki, sannan ka sha lemun tsami, sai ka ji kamar zuma, kuma haka bakinka zai zauna rabin sa'a zuwa sa'a guda. Wani Bafaranshe matafiyi, des Marchais, ya ga mutanen gaɓar tekun nan suna tsotsarsa kafin cin abinci mai tsami tun a 1725, kuma sai a 1968 aka tace sinadarin, aka sa masa suna mirakulin. Yana manne wa mai karɓar zaƙi ne ya yi shiru, sai tsami ya zo ya tayar da shi. Lemun bai sauya ba ko kaɗan, harshen ne aka juya.

Ɗan Autan Baba ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya bayan la'asar na yi gwajin, maiɗakina tana riƙe da faranti. Da farko Baba ya ce wasan yara muke so mu yi da shi, amma ya yarda aka ɗaura masa rawaninsa a ido. Kofuna huɗun nan bai kuskure ko ɗaya ba, kuma da ruwan shuwaka ya taɓa harshensa sai ya tofar ya ce wane ne yake son kashe shi. Amma da na kai kanumfari hancinsa ya ja numfashi har sau uku ya ce babu komai a hannuna. Daddawa ma haka, turarensa na Juma'a ma haka. Na gwada man zafi da ake shafawa saboda mura, ya ce yana jin wani sanyi yana ratsa hancin amma babu ƙamshi. Da aka kwance rawanin ya ga daddawar da ke tafin hannuna, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya dubi maiɗakina ya ce, "Ashe ba ke ba ce, 'yata, ki yafe mini."

Da dare an yi masa faten wake da yakuwa da citta, ya ci fiye da rabi, ƙoƙon gishirin kuma ya taɓa shi sau ɗaya ne kawai. Mun sami ranar ganin likita a mako mai zuwa, kuma na zuba magungunansa a leda. Abin da ya rage in sani shi ne ko ƙamshin yana dawowa, domin yanzu wata huɗu ke nan.

Malamin Kimiyya ya sake amsawa:

Alhamdu lillahi. Sanyin man zafin da ya ji ta jijiyar da Mai Haɗa Magunguna ya ambata ya bi, don haka gwajin naka ya fito da komai a sarari. Jijiyoyin sansana suna cikin 'yan ƙalilan da suke sake tsirowa a jikin babban mutum, kuma da yawa suna samun sauƙi cikin watanni, wasu har shekara ko fiye, sai dai tsufa yana rage saurin abin kuma ba kowa ne yake komawa daidai yadda yake a da ba. Akwai wata hanya da wani likita a birnin Dresden na Jamus, Thomas Hummel, ya gwada ya wallafa a 2009, wato horar da hanci: majiyyaci yana sansanar abu huɗu masu ƙarfin ƙamshi safe da yamma har mako 12, kuma waɗanda suka yi haka sun fi waɗanda ba su yi ba samun sauƙi. Shi ya yi amfani da ƙamshin wardi da kanumfari da lemun tsami da ganyen bishiyar turare. Ka zuba irin waɗannan a ƙananan kwalabe masu murfi, ka ajiye masa kusa da buzun sallarsa domin ya riƙa yi bayan asuba da bayan magariba, kowanne ya sansana kamar daƙiƙa 15 yana tuno yadda ƙamshin yake a da. Ka faɗa wa likitan kuna yin haka.

Akwai abu ɗaya da ya kamata maiɗakinka ta sani tun yanzu. Wasu idan jijiyoyin suka fara farfaɗowa, ƙamshi a karkace yake fara zuwar musu, musamman na albasa da soyayyen nama da ƙwai. Idan wata rana Baba ya ce miya tana yi masa warin ƙonanniyar roba, kada ta zubar da tukunyar, ta cire masa albasa da suya na ɗan lokaci, ku kuma rubuta ranar ku kai wa likita.